Wuyan Jimrau da Gadon Mai Girma

Mako uku da suka wuce, ranar kasuwa, maƙwabcina Jimrau ya dire buhun hatsi a tsakiyar hanya ya zauna a kai, ya dafe ƙeya da hannu biyu. Shekara goma sha tara yana dako a Dakoro. Uku daga ciki ciwon kai na taso masa daga gindin wuya, ya bi ƙeya, ya tare bayan idon dama. Ya sha ƙwaya har matarsa Uwale ta ce ɗakinsu warin famasi yake. An yi masa ƙaho, a banza. Ranar da ciwon ya motsa babu dako, ranar da babu dako Uwale ba ta ɗora tukunya.

Abin haushin, maganin na cikin gari. Bara wasu masu girma, Allah ya ƙara musu kumatu, suka zo da motoci kat-kat bakwai suka buɗe mana ɗakin gyaran wuya da gadon baya. Aka yanka ƙyalle, aka yanka raguna. Aka turo Malama Rahinatu, wadda ta karanci aikin. Saura gadon kwantar da majinyaci. An kawo shi kuwa, sai wani mai girma ya gwada ya ji daɗinsa, ya sa aka kai buronsa, wato ofishinsa. Doka kuma ta ce ba gado, ba buɗe ƙofa.

Jimrau ya ja wuyansa har buron.

“Ranka ya daɗe, gadonmu nika biɗa,” ya ce wa sakatare.

“Mushe mai girma na bisa aikin binciken ingancinshi,” in ji sakatare.

Daga ciki kuwa minshari ke fitowa. Wanda ya ce manyanmu ba sa aiki da azahar bai je wurin ba.

Da Rahinatu ta ji, sai ta ɗauki jakarta ta nufi rumbun Alhaji Na'Allah mai hatsi. Aka jera buhu huɗu, aka shimfiɗa tabarma. Ta tambayi Jimrau ko ya taɓa faɗuwa, ko yana jiri, ko hannunsa na mutuwa. Ya ce a'a. Ta bi wuyan da yatsa har ta taɓa wani wuri, ya yi ƙara.

“Baba, kanka lahiya lau shike. Wuyan ne ya gaji.”

Ta murza, ta ja, ta juya shi a hankali, wuyan ya yi ƙas kamar an karya kara. Jimrau ya yi kalmar shahada, sannan ya tashi ya waiwaya hagu, abin da ya manta yadda ake yi. Ta hana shi ɗaukar kaya a ka, Alhaji ya ba shi aron baro. A zuwansa na huɗu, ciwon ya koma ɗan nauyi da safe.

Sakamakon Rahinatu takardar gargaɗi ce, wai ta yi aiki a wurin da ba a yanka wa ƙyalle ba.

Jiya sai ga sakatare a rumbun, yana rarraba ido. Ashe gadon nan ba na barci ba ne: mai girma ya tashi wuyansa a karkace, kansa na sara. Rahinatu ta ce ya zo ya bi layi bayan masu dako.

Ni dai na roƙi Alhaji ya zaɓa masa buhu mai tauri. In ya ji daɗin wannan ma, bana ba mu da tuwo.