Yadda Aka Dakatar da Nomau a Gindin Allo

A ƙauyen Rafin Kanya, bayan katangar jami'a, akwai wani mutum ana ce da shi Nomau. Gidansu su uku ne da akuya: shi, da matarsa Hansai, da mahaifiyarsa Inna Tasalla, wadda ba ta ji sai an ɗaga murya. Gonarsu ce ta koma wurin ajiye motocin jami'a, shi ya sa aka ba shi aikin masinja a sashen yaɗa labarai, kuma da aikin nan kaɗai ake ɗora tukunya a gidan. Mutane suna ce masa wawa. Wannan kuskure ne, kuma ya kamata a gyara shi tun daga nan. Nomau mutum ne da ya ɗauka duk wanda ya buɗe baki ya san abin da yake faɗa. Yana taɓa karatu, sai dai bai iya na zuci ba. Ko kwalin magani ya ɗauka sai maƙwabta sun ji, don ya saba karanta wa Inna.

A shekarar ne jami'a ta kakkafa manyan allunan lantarki, masu kama da talabijin, don nuna sanarwa. Aka damƙa su hannun Malam Sirajo, mutum mai gaggawa wanda bai taɓa ƙarasa jimla ba.

Wata rana Malam Sirajo yana waya ya miƙo wa Nomau takardar kiran taro, ya ce ya je ya ɗora ta a kan allon ɗakin karatu. Nufinsa a kai wa Ifeoma, mai yi wa ƙasa hidima da ke zaune gaban kwamfuta, ta shigar. Bai faɗi haka ba. Nomau ya aro tsani, ya hau, ya shimfiɗa takardar a saman allon, ya danne ta da dutse saboda iska. Taron da aka kira babu wanda ya je. Da Malam Sirajo ya taso masa da faɗa, sai ya nuna sama ya ce, "Tana nan, yallaɓai. Ko motsi ba ta yi ba."

Wata rana kuma masu raunin ido suka kawo kuka cewa rubutun allo ƙanana ne kamar tururuwa. Malam Sirajo ya aiki Nomau wurin Ifeoma a ƙara wa rubutun girma. Nomau ya ɗauka girman sarauta ake nufi. Ita kuwa Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, abin da ya faɗa mata shi ta buga. Kafin azahar allunan jami'a duka suna shelar cewa Mai Girma Jarrabawar Lissafi, Allah ya ja zamaninta, za ta sauka a Alhaji Babban Ɗakin Taro. Da yake jimlar ta ƙara tsawo, kwamfuta ta ƙara matse haruffan. Ɗalibai suka yini suna rusuna wa allo. Nomau ya koma gida yana gaya wa Hansai yau dai ya ga yaran boko masu ladabi.

Wata rana wani malami ya lura sanarwar hutun Sallar da ta wuce tana nan tana yawo a allo, tare da ta wani taro wanda mai kiransa ma ya yi ritaya. Babu wanda ya san aikin wa ne sauke su. Malam Sirajo ya ratsa ta gaban Nomau da mukullin mota a hannu, ya ce a goge tsofaffin nan, a sabunta allon. Nomau ya goga da tsumma har gumi ya keto masa, rubutu bai fita ba. Sai ya tuna an kuma ce a sabunta. Ya nemo sabulu da bokiti da soso. Allon ya yi wata ƴar ƙara, ya yi baƙi ƙirin.

"Sun fita, yallaɓai," in ji shi. "Har da sababbin."

Malam Sirajo ya same shi daga baya a gindin wani allon, na ƙofar shiga, ya ce masa an dakatar da shi. Nomau ya tambaya har zuwa yaushe, aka ce sai an neme shi. To, a saninsa wanda aka ce ya dakata tsayawa yake yi a inda yake, don kada mai nema ya sha wahala. Hansai ta yi kuka, ta yi masa bayani cewa kora ce aka yi mata ado. Ya ce ba haka aka faɗa ba. Kullum da safe sai ya zo ya tsaya a gindin allon. Tsayuwa ba aiki tana da gundura, sai ya riƙa karanta abin da ke wucewa, da muryar da Inna ke ji daga bayan gida.

Wata rana wani ɗalibi marar gani, Kamilu, ɗan ajin ƙarshe, ya zo wucewa da sandarsa zai je karyawa, ya san jarrabawarsa sai la'asar. Sai ya ji ana rangaɗa cewa an dawo da ita hantsi, an kuma sauya ɗaki. A allo kaɗai aka sa sanarwar.

"Baba, don Allah maimaita."

"Ka jira, ɗana, ta gudu. Yanzu za ta zagayo."

Ta zagayo, ya maimaita. Kamilu ya juya, ya shiga ɗakin ana raba takardu. Da ya fito bai zame ko'ina ba sai ofishin Farfesa Mariya, mai kula da harkokin ɗalibai. Ya gaya mata tun da aka kafa allunan nan ba su taɓa ce masa komai ba sai yau, ya kuma roƙa a sa irin wannan mai karantawar a sauran wuraren. Ta ce ba ta san an ɗauki kowa ba. Ta taka da kanta, ta tarar da Nomau kewaye da masu shara, da direbobi, da ɗalibai masu tabarau, wasu suna cewa ya sake, rubutun ya cika sauri.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. An girmama haruffa, girman gaske. An rage musu gudu, an sa lasifika a jikin kowane allo, kowace sanarwa kuma an yanka mata ranar sauka da wanda zai sauke ta. Sai dai kwamiti ne ya karɓi tafi, ba a ambaci Nomau ba ko sau ɗaya. Wannan rashin adalci ne, kuma har yau ana jiran gyara. Mutumin da aka hukunta shi ne kaɗai ya yi abin da aka ce.

Aikinsa dai ya dawo. Farfesa ta sa Malam Sirajo ya je ya gaya masa da bakinsa, a gindin allon, da cikakkiyar jimla. Ya faɗa a hankali, kalma bayan kalma, yana duba kowacce kafin ya sake ta. Da ya gama ya sunkuyar da kai ya ce, "Nomau, ka yi haƙuri."

Nomau ya ce, "Ai tun ranar nake yi, yallaɓai. In daina?"