Ranar da Tukunyata Ta Riga Ni Zuwa Teku

Ni da na sauke farali sau biyu, wai surukata ce za ta koya mini haɗa kaya. Muna gida a unguwar Taman Melati ɗana ya ce zai kai mu hutu wani gari a bakin tekun Italiya. Matarsa ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ƙaramar jaka ta isa. Garin duk matakala ne, mota ba ta shiga."

Na ce, "'Yar nan, tun kina goye nake shiga jirgi."

Na je kasuwar Chow Kit na sayo busasshen kifi, na haɗa da garin tuwo, kuka, daddawa da tukunyata, na danna a jakar Gana-mas-go. Kifi fa, zuwa garin masunta.

Da muka isa ɗana ya miƙo hannu zai karɓi jakar, na hana shi, na ɗora a ka don Turawa su ga yadda ake yi. Ban kai rabin matakalar ba jakar ta yage. Garin tuwo ya yi mini wanka. Tukunya ta kama gangara tana gaida kowace ƙofa, har ta faɗa teku. Kyanwoyi suka yi wa kifin rubdugu, jama'a na ɗaukar hoto.

Surukata kuwa sai kakkaɓe ni take da gefen mayafinta. Da ma zagina ta yi.

Shekara biyu ke nan. Duk wadda za ta yi tafiya cikin matanmu na unguwar Cheras sai ta bugo: "Hajiya, wace tukunya ce ta fi iya iyo?"