Wa Zai Kori Zafi Daga Aiki?

Jiya da safe na ce wa babban mutum a'a, kuma har yanzu ina numfashi.

Jama'a, kun san akwatin rediyon da aka kafa mana a Zuru. Tashar tana can nesa, muryarta kan iso a gajiye, a bayanta kuma sai wani shuuu kamar ana zuba gero a ƙwarya. Wannan shuuu ɗin ya tayar da hankalin babban da aka ɗora wa kula da shi, Mai Girma Uban Akwati, domin manyan baƙi na tafe, kuma bai dace wani abu ya yi huci a gabansu ba.

Sai ya aika aka kira ni.

"Malama Saloma, ke kika yi boko, ke za a yarda da maganarki. Ki tsaya gaban jama'a ki ce Kefas ne ya ɓata shi."

Baba Kefas tsohon soja ne. Shi ke goge akwatin, shi ke hawa itace ya ɗaure wayar eriya, da wannan aikin yake ciyar da jikokinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan faɗa ba. An koya mana a kwaleji cewa duk abin da ke da ɗumi, cikinsa ba ya zama shiru. Wayar eriya da 'yan ƙananan abubuwan da ke rage ƙarfin wuta a cikin akwatin, zafi ke sa wutar cikinsu kai-kawo, shi muke ji. Ko a Ingila haka yake. In muryar tasha ta yi rauni, shi ke fitowa fili."

"Wato zafi kike zargi?"

"Shi fa, ranka ya daɗe."

"To wa zai kori zafi daga aiki? Ni mai laifin da ke da suna da gida nake nema."

Allah ya ƙara wa manyanmu basira! Kafin azahar an sayo bargon ulu mai kauri, an lulluɓe akwatin ruf don a toshe hucin. Akwatin da ko babu riga ɗumi yake yi, ga ranar Zuru a kan kwanon rufi. Ba a jima ba ƙauri ya tashi. Baba Kefas ne ya fizge bargon, aka ce ya yi wa kayan hukuma rashin ladabi.

Maƙwabciyata Inna Adama ta tare ni a bakin rijiya. "Ke 'yar nan, eh ɗaya ce ta gagare ki? Mu da muka yi ta cewa eh tun muna 'yan mata, me ya same mu?"

Na ce, "Inna, me kuka samu?"

Ta ɗauki tulunta, ta ce bokon nan ya lalata yara.

Tunda babu mai shaida, Baba Kefas na nan kan aikinsa. Ni kuwa yau aka ce makarantar garin Danko, can nesa, na bukatar malama da gaggawa, an duba duk ƙasar nan ba a sami wadda ta kai ni cancanta ba. Na gode da wannan girma. Zan bar 'yan matan ajina da na bi gida-gida na roƙo wurin iyayensu, zan bar mahaifiyata a Rikoto, ga ƙafarta ba ta ɗaukarta zuwa rijiya. Abin da a'a ɗaya ta ci mini ke nan, kuma in an sake tambayata gobe, ita zan maimaita.

Akwatin dai, na biyo ta wajensa ɗazu. Yana ta shuuu abinsa, babu wanda ya yi masa canjin wurin aiki.