Ruwan da Na Buɗe da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga gasar hawan gangare ba, ni da furfurata.

Bari in bi abin daki-daki. Ƙasarmu ta Kura a shimfiɗe take kamar tabarma. Tudunmu ɗaya ne, gangaren da ke hawa bakin babban kanal na ban ruwa. Nan samari suke haɗuwa da kekuna, a hau, a sauko, a sake hawa, har ƙafa ta ƙi. Ni ne mai raba ruwan noman rani a sashenmu, kuma na sha tsayawa in ce musu, "Ina ma gona kuka kai wannan ƙarfin!"

Sai likita ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce dole in motsa jiki (bai ko yi murmushi ba). Haka na lallaɓa wajen yaran nan da na saba yi wa faɗa. Shugabansu, Nasiru, ya ce, "Baba, hawa goma ne ba sauke ƙafa. In ka yi, ka zama namu. Sai dai Asabar layin ruwan gonakin gindin gangaren ne, kwatar takan malalo hanya. A ɗaga ruwan zuwa yamma mana."

Na ce, "Layi layi ne. Ko don ni ba a ɗaga shi."

Da hannuna na buɗe ƙofar ruwan da safe, sannan na ɗaure ƙafar wando.

Hawan farko lafiya lau. Na biyu da na uku ina haki, amma girmana yana nan. A saukowa ta huɗu, jar ƙasar hanyar ta sha ruwa ta zama kunu. Na matse birki, keke ya ce bai san zancen ba. Shi ya yi gefe, ni na yi sama, na dira da fuska cikin irin shinkafar taubashina Sule, yana tsaye da fartanya.

"Maraba da sarkin ruwa!" in ji shi. "Dashe sai jibi, ɗan'uwa, ka yi sammako. Ko da hanci ake auna ruwan yanzu?"

Mata masu tsinkar tumatir suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Hulata kuwa ta bi kwata ta nufi Bunkure.

Na yanke shawarar in tafi gida kawai. Nasiru ya ciro keken, ya miƙar masa da kai, ya ce, "Baba, mun duba. Fuska ka sauke, ba ƙafa ba. Saura shida."

Na hau, taɓo na ɗiga daga gemuna. Sule na gudu a gefe yana ihu, "Taka, kada ka kunyata dangi!" Na ƙarasa da ƙyar, samari suka yi ta buga ƙararrawar kekunansu. Yanzu duk Asabar ina can, har shi Sulen ya gyaro tsohon kekensa.

Darasin dai shi ne: idan yaro ya ce maka hanya za ta jiƙe, ka saurare shi, musamman in kai ne za ka bi ta.