Labulen da Na Auna da Hannuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata a Landan ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Zaman jego ya kai ni gidan ɗana na fari (kun san sunansa ba ya fita daga bakina) a Barking. Uwar matarsa ce ya kamata ta je, amma bizata ta riga tata fitowa, ni kuwa ban ga abin baƙin ciki a nan ba. Matar tasa, Farida, yarinya ce mai ladabi. Aibinta ɗaya, ta yi karatun zanen gine-gine, ko darduma za a shimfiɗa sai ta ɗauko tef ta auna. Ni kuma 'yar magini ce. Mahaifina ya gina soraye a Zariya da ƙasa da azara, ba tef ba takarda, daga hannunsa sai igiya, kuma har gobe suna tsaye.

Da cikinta ya tsufa likita ya ce ta riƙa yawan tafiya, sai ta ja ni a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa wani katafaren gidan tarihi inda Turawa suka tara kayan mutanen duniya suka rufe a gilashi (da talaka ne ya tara kayan mutane haka a ɗakinsa, da wani suna za a kira shi). A sashen mutanen Masar ta tsaya tana yi mini bayani. Wai dalar nan da Fir'aunoni suka gina, mai kama da tsauni, da kamu aka auna ta, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Kamu ɗaya su raba shi tafi bakwai, tafi ɗaya yatsu huɗu. Har gangaren jikinta ma haka suke lissafawa: in an hau kamu ɗaya sama, tafi kaza za a matsa ciki.

Na ce, "To madalla. Ashe abin da kika ƙetaro teku kika zo koyo, yana rataye a kafaɗata tun ranar da aka haife ni."

Ta fara cewa ai su sanda guda suka yanka, kowane magini da irinta yake awo, ba kowa da hannunsa ba. Na ɗaga mata hannu na yi gaba. Wanda ya ci gardama me zai tsaya yi da sauran zance?

Ta sauka lafiya, mace, aka shiga shirin suna. Falon gidan yana da wata babbar taga mai kallon titi, labulenta shara-shara irin na mutanen da ba su damu a gan su ba. Ranar suna kuwa mata za su cika falon, su ajiye mayafi, su sake. Ga uwar Farida ma ta iso, Hajiya Bilki, tsohuwar shugabar makaranta, mai kallon mutum ta saman gilashi kamar ya zo a makare. Sai na ce maganar labule a bar mini, kada wanda ya sa hannu. Farida tana kwance ta ce tef yana cikin durowa. Na yi kamar da bango take.

Ni doguwa ce, Allah ya hore mini hannu. Na dafa taga na auna, faɗi kamu shida, tsawo kamu biyar. Na kira wata tela a Peckham da maƙwabciya ta ba ni lambarta, Hajiya Memuna, 'yar Zangon Kumasi, ban taɓa ganinta ba. Ta ce, "Hajiya, ka ba ni shi a tef mana" (su haka suke magana, mace da namiji duk tukunya ɗaya). Nan na zauna na karanta mata tarihin Fir'auna tun daga tushe, na tambaye ta ko injin ɗinkinta ya fi dalar Masar ne. Baiwar Allah ta ce to.

Don kada wani ya yi tunanin mayar da tsohon labulen, na sauke shi na yayyanka na yi tsumman goge-goge. Hajiya Bilki kuwa sai da na tabbatar ta ji labarin gidan tarihi sau biyu, har da inda na rufe bakin 'yarta.

Ranar suna mata suka cika falo, an toshe taga da zanin gado na wucin gadi, ana jiran tela. Aka ƙwanƙwasa, na buɗe da kaina, na kalli gabana ban ga kowa ba. Sai da na sunkuyar da kai. Wata 'yar dunƙulalliyar mata ce, da ƙyar ta kai mini hammata, rungume da jaka. Tun kafin ta yi sallama idona ya sauka a kan ɗan guntun hannunta.

Aka cire zanin gado, aka rataya sabon labule. Yadi mai kyau, ɗinki ba makusa. Sai dai ya tsaya can sama kamar wandon yaron da ya yi saurin girma, a tsakiya kuma ga wata kafa da akuya za ta wuce ba ta taɓa gefe ba. Daidai lokacin wani tsohon Bature ya zo wucewa da karensa, ya tsaya, ya leƙo, ya ɗaga mana hannu cikin fara'a. Falo ya hargitse, kowa na wawurar mayafi, wata har da murfin kula ta kare kai.

Na juya kan tela da niyyar in sauke mata. Ta zare hannun riga, ta ɗora ɗan hannunta a jikin labulen tana ƙirgawa a gaban kowa, ta ce kamu shida na ce mata, shida kuma ta yi, in ƙarya ne in ƙirga da kaina. Gaskiya ce ba sauran.

Hajiya Bilki ta cire gilashi ta goge a hankali, ta mayar, ta ce, "Ikon Allah. Hajiya, wannan kamun Fir'aunan tun yana goye ne?"

Dariyar da aka yi, har mai jego sai da ta riƙe ciki. Faridar ce dai ta cece ni, ta sa aka ɗauko atamfofin lefenta aka maƙala da abin matse kayan shanya aka toshe kafar. Ba ta ambaci tef ba ko sau ɗaya, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Haka na wuni ina raba waina kaina a ƙasa, kowace baƙuwa ta shigo sai an ja ta gefe an nuna mata tagar.

Abin da na koya shi ne, Fir'auna da duk girman kansa bai yarda kowa ya auna masa gini da hannun da ya ga dama ba. Ni dai har yau ban taɓa tef ba, kuma ba na shirin taɓawa. Amma yanzu duk telar da zan ba awo, sai ta fara zuwa na ga tsayinta.