Daƙiƙa Uku a Hanyar Sauka Kahuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai kayan ɗakin ƙanwata Hauwa ba, ko da yake akwai saɓani a bayanan. Shaidu uku ne: ni, da Gwaggo Ladi da ke zaune gefena, da direban a-kori-kurar da ke gabanmu. Asabar ce bayan la'asar, wannan kowa ya yarda. Gudun da nake yi kuwa ba ni da tabbas, domin allurar auna gudu ta motar Kawu da nake tuƙawa ta daɗe da mutuwa.

Wajibi ne in bayyana cewa lokacin ban daɗe da kammala digirin injiniya ba, kuma bincikena na ƙarshe a kan tazarar birki na yi shi. (Har yabo na samu. Bai amfane ni ba.)

Daga Dutsen Kura muka taso. A ayarin biki ba a barin fili, kada mai keke ya kutsa ya raba jerin, don haka Kawu ya ce in manne wa a-kori-kurar, wadda ke ɗauke da sif ɗin amarya mai madubi. Na manne, ina yi wa Gwaggo bayanin yadda direbobinmu ba su iya kimanta lokacin da ya rage kafin karo ba.

Sai direban ya fito da hannu ta taga yana kaɗawa ƙasa. Fitilar birkinsa ba ta kama ba. Ni kuwa lissafina daga kamawar fitila yake farawa.

"Kai ɗan nan, tsayawa zai yi! Taka!"

"Gwaggo, kwantar da hankalinki, akwai sauran daƙiƙa uku aƙalla."

Ban ƙarasa rufe baki ba na ji ƙara, madubin ya zube a kwalta.

Direban, wani dattijo mutumin Bida, ya sauko yana salati. "Yaro, hannuna ba ka gani? Fitila ya mutu tun bara!"

"Yi haƙuri, Baba," in ji Gwaggo, tana gyara ɗankwali. "Injiniya ne. Lissafi yake yi."

Haka Hauwa ta tare da sif mai rami a tsakiya. Har yau in na je gidanta na tambayi abinci, sai ta ce, "Saura daƙiƙa uku, Yaya."

Na dai koyi cewa in an ce taka, a taka, lissafi ya biyo baya. Na sake yin lissafin a takarda sau da dama, kullum uku yake ba ni. Abin da har yanzu ban gano ba shi ne: Gwaggo, da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, da me ta auna?