Rasuwar Marar Bango, Littafin Mashayin Jini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda yake hana mutum jin ɗanɗanon shayi, Malam Abdulhakeem Abdulmumini, mutumin Gwammaja ta Kano, mai sayen jakunkunan mata a birnin Guangzhou yana turawa gida, yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki da duk wanda ya taɓa hawa benensu na titin Dengfeng rasuwar littafinsa, wanda aka fi sani da Marar Bango. Marigayin ya cika ranar wata Talata da misalin ƙarfe uku na rana, bayan doguwar jinya da gajeren hatsari. An jinkirta sanarwa kusan mako biyu saboda wani dalili da ba ya ƙara wa mai sanarwar daraja, amma za a faɗe shi a ƙasa.

Ba a san shekarun marigayin ba, ba a kuma san asalinsa ba. A ƙarƙashin ƙafar gado aka tsince shi, inda wani tsohon ɗan haya ya cusa shi don gadon ya daina rawa, ya kuma yi wannan aiki shekaru ba ƙorafi. Bangonsa ya tafi, shafuka takwas na farko sun bi bango, saboda haka babu sunansa, babu sunan wanda ya rubuta shi. Da Turanci yake magana, kuma daga tsakiyar zance yake farawa, kamar mutumin da aka tarar yana cikin hira. Abdulhakeem ya zaro shi ne don ya kashe kyankyaso. Kyankyason ya tsira, shi kuwa ya zauna a bakin gado yana karatu har la'asar ta kusa kuɓuce masa.

Abin da marigayin ya zo da shi labarin wani mutum ne na zamanin Fir'auna, mai ɗebo wa fada ruwa. Ranar da kogin Misira ya koma jini kowa ya kame bakinsa, shi kuwa ƙishi ya ci ƙarfinsa, ya durƙusa ya sha. Tun daga ranar mutuwa ta ƙi shi, kuma ba abin da yake kashe masa ƙishi sai jinin mutane. Ya bar matarsa a bakin kogi, ya ce zai je neman magani ya dawo. Daga nan ya yi ta ratsa tarihi. Ya ga birnin Rum yana ci da wuta, ya yi zaman annoba a Turai, ya ɓuya a wani gidan ibadar Kiristoci yana kwafar tsofaffin littattafansu. A zamaninmu kuma wata masaniyar tarihi tana bin sawunsa da wani guntun fata mai rubutun Ibrananci, wasu limaman coci suna bin sawunta. Sunansa yana da wuyar faɗa, sai aka sa masa Mai Ƙishi. Malam Shehu na hawa na huɗu, wanda yake jan mutanen benen salla, ya ce wannan tatsuniyar Nasara ce aka ɗora a kan labarin gaskiya, ɓata lokaci ne kawai. Abdulhakeem ya ce haka ne, Malam. Daga baya an lura Malam Shehu yakan hauro kullum da la'asar neman aron caja, ga tasa tana leƙowa daga aljihu.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman a sa shi a caji ba, an ɗora masa kofin shayi bai ce uffan ba, muryarsa kuwa ba ta wuce ɗan fallat ɗin juya shafi. Amma babban alherinsa, wanda saboda shi ake wannan sanarwa, shi ne ya riƙe aure.

Shekara uku da wata huɗu rabon Abdulhakeem da Kano. Ba faɗa aka yi ba. Kullum dai cewa yake sai bayan baje koli. Sau biyu a shekara ake babban baje kolin kaya a unguwar Pazhou, baƙi su zo daga gida suna neman mai kai su masana'antu, wanda ya wuce ya bar aiki, mai zuwa yana neman shiri. Matarsa Madina ita take sayar da jakunkunan a gida, tana renon 'yarsu Hawa, wadda ya bari tana rarrafe. Wayarsu ta tsuke har ta koma gaisuwa da tambayar ko kaya sun iso, minti biyu an gama. Wata rana Madina ta ce masa, cikin ruwan sanyi, in babu abin faɗa ba dole sai an kira kullum ba. Maganar ta tsorata shi ƙwarai, don ba da fushi ta faɗe ta ba. Da fushi ne, da ya san inda zai ɓullo mata.

Washegari, da ya rasa abin cewa, sai ya ba ta labarin mutumin da ya sha kogi. Sai ta tambaye shi me ya faru daga nan. Shi ke nan. Kullum da la'asar ɗin Guangzhou, wadda ta yi daidai da hantsin Kano, sai ya buɗe marigayin ya karanta shafi biyar ko shida yana mayar mata da Hausa. Minti biyu ya koma arba'in. Tana gardama da masaniyar tarihi, tana yi wa limaman coci tsaki, tana dariyar da ya manta tana da ita. Wata rana ta ce: "Baban Hawa, shi wannan Mai Ƙishin, shekara dubu uku yana cewa zai koma gida, ko shi ma baje koli yake jira?" Ya yi dariya, amma ta yaƙe ce.

Ciwon ajali ya fara ne a watan Maris, lokacin da garin nan yake jiƙewa ba tare da an yi ruwa ba, garu yana gumi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Marigayin ya kumbura, ya fara fumfuna, gam ɗin bayansa ya saki. Wata la'asar ana tsakiyar gudun tsira a wani tsohon birni, sai aka ji ɓas, ya rabu gida uku. An yi masa duk abin da ya kamata. An ɗaure shi da roba, an manna masa salatif, an aro na'urar busar da gashi a wurin wata maƙwabciya. Kashi na ɗaya da na biyu, waɗanda aka riga aka karanta, sun ɗan farfaɗo. Kashi na uku, shafi sittin da shida da ido bai taɓa gani ba, shi ya fi jin jiki, sai aka baje shi a kan kwali kusa da fanka ya sha iska.

Duk wanda yake harkar jaka ya san ba a tura ta gida cikinta fayau. Dole a cusa mata takarda, in ba haka ba ta isa Kano a lotse kamar wainar da aka zauna a kai. Ranar Talatar nan Abdulhakeem ya tafi garin Shiling rigima da wata masana'anta a kan zif. Abokin zamansa Tankari, mutumin Maraɗi, ya ce bari ya taimaka ya shirya jakunkunan Madina guda arba'in, tunda ƙarfe biyar masu kago, wato masu tura kaya a jirgin sama, suke rufe karɓar kaya. Takardar cusawa ta ƙare a rabi. Ya sauka shagon ƙasa, mai shago ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Ya hauro, ya ga wasu takardu masu fumfuna a kan kwali. Maƙwabta sun shaida cewa kalaman marigayin na ƙarshe su ne kyat, kyat, kyat.

Tankari Faransanci yake karantawa, ba Turanci ba, kuma duk benen ba wanda ya kai shi son labarin, shi yake dafa shayin sauraro. Da aka nuna masa abin da ya yi, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce: "Pardon, ɗan'uwa. Ni da muryarka na san shi, ban san fuskarsa ba." An yafe masa, ko da yake an kwana biyu ba a sha shayinsa ba.

An yi ƙoƙarin samo wani irinsa. Amma littafin da ba shi da suna ba a tambayarsa a shago. Abdulhakeem ya kai shafi ɗaya wani babban kantin littattafai, yarinyar kantin ta juya shi gaba da baya ta miƙo masa da ladabi. Kaya kuwa sun riga sun tashi.

Ga dalilin jinkirta sanarwa. Abdulhakeem bai faɗa wa Madina ba. Ya san takardar cikin jaka shara take tafiya, ya kuma san abin da wayarsu za ta koma in labari ya ƙare, shi ne abin da ya kasa fuskanta. Sai ya ci gaba da kira da la'asar, yana riƙe da kashi na biyu kusa da waya yana juya shafukansa don ta ji fallat, yana ƙirƙiro sauran daga kansa. To, mutum da abin da ya sani yake ƙarya. Mai Ƙishi ya isa tashar jirgin ruwa zai tafi Misira, aka ce jirgi ya cika. Ya dawo washegari aka ce takardunsa ba su cika ba. Limaman cocin da suka shekara suna farautarsa suka koma kamar ejan, kowa yana cewa ya dawo Litinin. Mutumin da ya ga faɗuwar dauloli ya yi kwana uku yana rigima a kan nauyin akwati. A rana ta huɗu Malam Shehu ya tuna yana da caja. Abdulhakeem ya san labarin ya lalace, amma yana tsoron kai Mai Ƙishi gida, don daga nan ba shi da abin faɗa.

A rana ta goma sha ɗaya kaya suka isa Gwammaja. Hawa tana wasa da takardun da take zarowa daga jaka, Madina ta karɓi ɗaya za ta jefa shara, idonta ya faɗa kan sunan nan mai wuyar faɗa, wanda mijinta ya taɓa jera mata haruffansa. Madina ta koyar da Turanci a firamare kafin ta kama kasuwanci. Ta zazzage jaka arba'in, ta jona dutsen guga, ta goge shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta jera su bisa lamba. Ranar ita ta kira.

"Baban Hawa, na duba shafi goma, ban ga inda ya je ofishin kago ba."

Kunya ta kama Abdulhakeem har ya kasa kallon Tankari.

"A nan na tsaya, ban ƙara ko layi ba," in ji ta. "Ƙarshen yana ƙarƙashin filona. Ba zan ɗauki hotonsa ba, ba zan karanta maka ta waya ba. Na gaji da miji a cikin waya."

Ya buɗe baki ya fara cewa saura mako biyu a buɗe baje koli. Da ya ji maganar a kunnensa sai ya haɗiye sauran.

Marigayin ya rasu ya bar kashi na ɗaya da na biyu a Dengfeng, cikin halin tsufa, da kashi na uku a Gwammaja, a goge. Ya bar Tankari, wanda yanzu ko rasit ya gani a ƙasa sai ya tambayi mai shi. Ya bar jaka arba'in a lotse. Ya kuma bar baiwar Allah masaniyar tarihi a kulle a ɗakin ƙarƙashin wata coci tun ƙarshen kashi na biyu, ba wanda ya san ko tana da ruwan sha.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakinsu na hawa na shida ranar Laraba bayan la'asar. Tankari zai dafa shayi, an kwashe duk wata takarda daga inda hannunsa zai kai. Ranar Alhamis za a naɗe abin da ya rage na marigayin a leda biyu, a sa shi a jakar hannu, Abdulhakeem da kansa zai raka shi Kano. Baƙin baje koli su nemi Tankari, duk wanda ransa ya ɓaci ya yi haƙuri. Za a haɗa marigayin da ragowarsa a ɗakin Madina, ba a buƙatar 'yan rakiya, ba a kuma shiga da waya. Wanda ya kawo gawa shi zai yi karatu. Masu tambayar ranar dawowarsa su lissafa da kansu: shafi sittin da shida ne, Madina kuma ta yanke cewa biyu za a riƙa karantawa a rana, in ta ga dama ɗaya.